A Ɗan Ƙara Mata Silo

A Abakwa kowa likitan mota ne, har wanda ko keke bai taɓa mallaka ba. Ka tayar da tsohuwar motarka da safe a ƙofar gida, in dai ta soma karkarwa a tsaye, sitiyari na rawa, salansa na tari, to kafin ka zagayo ka ɗaga bonet an gama duba ta an yanke mata magani. Mai shayi ya ce mai ne. Dattijon da ke dawowa daga masallaci ya ce fulogi ne. Maƙwabcin da ya sayar da tasa tun zamanin Abacha ya karkata kai, ya saurara, ya ce, "Alhaji, wannan ringi ne, ka fara tanadi." Kai kuwa da ka san abin da ke aljihunka sai ka zaɓi mafi sauƙi. Ka lallaɓa ta zuwa gareji, ko Oga ba ka nema, ka yafito yaronsa: "Kai, zo ka ɗan ƙara mata silo."

Yaro ya zo da sukudireba ya murɗa sukuru ɗaya. Allurar da ya kamata ta kwanta tsakanin 700 da 900 ta haye 1,300. Rawa ta ɗauke. Ka ba shi na ruwa, ka tafi kana sa masa albarka, mu a wurinmu an gyara mota ke nan. Ciwo kuwa yana nan inda aka bar shi. Sai ka sa giya ka ji ta yi "gum", sai a cunkoson Kawo ka riƙa danne birki da ƙarfi don tana neman tafiya ba da izininka ba, sai ka lura man da ke kai ka Juma'a yanzu ran Laraba yake ƙarewa. Nan ma ba za mu tuna da sukurun ba. Cewa za mu yi gidajen mai sun taɓa lita.

Wannan ƙarfin hali gadonsa muka yi. Kaduna garin Fijo ne. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, can ƙetaren kogi, kuma 504 ta yi wajen shekara talatin tana fitowa daga nan, ita ce motar gwamnati, ita ce ta soja, ita ce ta hayar Zariya da Kano. Unguwa irin tamu, da tsohuwar NDA ke nan kusa, ba ta taɓa rasa tsohon soja ko ma'aikacin da ya yi ritaya da Fijo a ƙofar gida ba. Ita kuwa Fijo ba ta da rufa-rufa. Kafireta ɗaya, dilko ɗaya, kwil ɗaya, kwantak, fulogi huɗu. In ta yi rawa, wuraren leƙawa ba su da yawa, kuma murɗa sukuru a jikin kafireta yana cikin gyaranta na gaskiya, tunda guda biyu ne, ɗaya na gudun inji, ɗaya na gwama mai da iska. Daga nan muka ɗauka kowace mota haka take. Aka wayi gari Golf ta shigo, Honda Hala da Bulldog suka biyo, ga Carina E ga Camry, 'yan Kwatano masu injekta da ƙwaƙwalwa, mu kuma muna nan riƙe da sukudirebar 1980.

Amma fa tsofaffin bakanikan Fijo ba da sukuru suke farawa ba, wannan mu masu mota ne muka ƙago. Akwai wani dattijo a unguwar nan, hannu ya fara rawa amma kunne garau, tsayawa kallon aikinsa ma karatu ne. In ka kai masa mota tana misin, ba ya taɓa komai tukuna. Zai ce ka bar ta a kunne, ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa. In bugun hayaƙin yana tafiya yana tsallake ɗaya a kan ƙa'ida, ya san silinda guda ce ta kwanta. In tsallaken ba shi da tsari, yanzu nan anjima can, sai ya ce abin ya shafi gidan duka, a nemi mai ko iska. Ya dawo gaba, ya ɗauki filaya mai hannun roba, ya zare wayar fulogi ta farko. Inji ya ƙara durƙushewa, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku inji bai ma san an yi ba, sai ya ɗago ya dube ka.

"Ɗana, ka ji ko? Wannan dama ba ta aiki. Da uku ka zo."

"To Baba, a canza fulogin duka?"

"Kuɗi ne suka yi maka yawa?"

Sannan ne zai kwance wancan guda ɗayan ya kai shi haske. In baƙi ne busasshe, mai ya yi yawa. In jiƙe yake da baƙin mai, ringi ko robar bawul sun saki. In fari ne fat, iska ta rinjayi mai. In launin ƙasa-ƙasa ne, fulogi ba shi da laifi, a bi waya, a duba murfin dilko ko ya tsage. Duk wannan bai ci minti goma ba, kuma ba a kai ko sisi kasuwar Panteka ba. Yaran gareji na yanzu kan zare wayar nan da hannu tsirara don nuna bajinta, wuta ta watsar da mutum a yi ta sheƙa dariya. A mota mai ƙwaƙwalwa ma ba a son haka, yana iya ƙona kwil, soket ake cirewa.

Shi Baban ne ya taɓa warware mana a majalisa abin da ya sa mota ke ɓoye ciwo a kan hanya ta tona shi a tsaye. Ya ce a silo ne inji ya fi talauci. Ƙafarka ba ta kan totur, ƙofar iska a rufe take sai 'yar kafa, man ma ɗigo-ɗigo ake ba shi. A wannan hali ko tsagar da ba ta kai farce ba ce a jikin tiyo, iskar da za ta kurɗa ta nan ta isa ta ɓata lissafi. Da ka taka totur iska ta kwararo, 'yar ɓarauniyar iskar nan sai ta ɓace a ciki, mota ta miƙe. Shi ya sa mutum zai rantse maka ya je Zariya ya dawo lafiya lau, amma da ya tsaya a danjar farko cikin gari ta mutu masa. Tiyon nan kuwa roba ce mai shekara 25 zuwa 30, ta sha ƙanƙarar Turai ta zo tana shan ranar Maris da Afrilu. Babban wanda ke tsakanin matatar iska da totur ta ƙasa yake tsagewa, cikin lanƙwasa, inda ido ba ya kai. Mai haƙuri kan sa guntun tiyo a kunne yana bin jikin inji har ya ji inda ke huci. Mu masu sauri fetur muke sa yaro ya watsa a wurin, in ƙarar inji ta canza an gano. Ana ganowa, ba ƙarya, sai dai ranar da wayar fulogi ke tartsatsi a kusa, ranar ce ake neman yashi da gudu. In an gano ɗin ma, maganinmu baƙin salatif ne, zagaye biyar, sai wata damina.

Batun "mai ne" kuwa, ba a ce mai shayi ƙarya yake ba. Duk wanda ke tuƙi a Fabrairun 2022 bai manta da fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam ba, wanda sinadarin methanol ya yi wa yawa, har kamfanin NNPC ya fito ya yi bayani, aka janye shi, layi ya dawo gidajen mai. Tun daga nan muka samu inda za mu riƙa jingina laifi. Mota ta yi rawa bayan shekara uku, a ce ai tun man nan ba ta koma daidai ba. Alhali tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000, abin da muke yi wa tanki da kanmu ya fi na Antwerp. Wa ke cika tanki yanzu? Na dubu uku, na dubu biyar, fitilar rizab a kunne daga Asabar zuwa Asabar. Famfon mai na motar injekta a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi. In kullum a ƙasa yake, zafi famfo ke sha, yana kuma zuƙo dattin da ya kwanta shekara da shekaru. In ta tsaya mana a hanya mu tari ɗan bumburutu, a ɗura daga jarkar da Allah kaɗai ya san abin da ta ɗauka jiya. Famfo ya raunana, nozul ya toshe rabi, mu ce an yi mana baki.

Tsadar ta kuma haifo sabon salo. Da ƙari ake nema, yanzu ragi: "Oga, rage mata shan mai." A matse sukuru har mota ta koma numfashi da ƙyar. Sai ka ga magidanci da furfurarsa a shataletale, ƙafar hagu a birki, ta dama tana ɗan taɓa totur don kada ta mutu, na baya suna ta danna masa oda, shi kuma ido na kan 'yan KASTLEA masu kula da hanya.

Abin da ba mu cika faɗa a majalisa ba shi ne, da yawa daga rawar nan da hannunmu muka shuka ta, a gyaran da ya gabata. Mota na isowa daga Kwatano ko Legas, kafin a yi mata lamba an cire tamostat an haɗa fanka dairek, wai don ƙasar sanyi aka yi ta. Injin kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 90 da ɗoriya, a Jamus yake ko a Abakwa. In bai kai nan ba, sensar zafi na ta gaya wa ƙwaƙwalwa inji bai ɗumama ba, ita kuma ta ci gaba da zuba man da ake ba inji mai sanyi, musamman da hunturu, tun daga ƙofar gida har wurin aiki. Fulogi ya yi baƙi, mota ta soma tari, mu sayo sabo, bayan wata biyu shi ma ya yi baƙi, mu ce jabu aka sayar mana. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Matatar iska kuma ba ma sayen sabuwa, wurin mai faci muke kai ta ya hure da iska har takardar ta yage, ƙurar Disamba ta wuce kai tsaye ta lulluɓe sensar da ke auna iska. Ana gobe Sallah mu kai mota wanki, mu ce har inji, a saki ruwa mai ƙarfi ya cika ramukan fulogi, a wayi gari tana ɗingishi a hanyar Idi. In muka yi wata shida muna tuƙa ta da misin, ɗanyen man da bai ƙone ba ya je ya narkar da indomin salansa ya toshe, sai a fasa a cire, ga mai saye nan a tsaye dama, don akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam a ciki. Fitilar inji ta kama a dashbod, mu sa mai waya ya zare ƙwan, ko mu manna sitika a kai. Wasu direbobin Golf sun ma yanke wahala, sun sa an cire injektar ɗungurungum an ɗora kafireta. Waɗannan ni ban cika ganin laifinsu ba. Wanda ke lodi a tashar Kawo ya san in ta lalace masa a wani ƙauye, kafireta kowa na iya buɗe ta ya hure, ƙwaƙwalwa kuwa sai an jawo mota gari. Amma mai zuwa ofis daga Abakwa zuwa titin Ahmadu Bello, shi me ya kore shi?

Bakanikan da suka san aikinsu sun ce sun fi son mata su kawo mota. Namiji da hukuncinsa yake zuwa: "Nozul ne, wanke min." Mace kuwa labari take kawowa, kuma labarin ake nema.

"Hajiya, yaushe take yi?"

"In na taka birki a danja ne, sai allurar ta sauka tana neman mutuwa. Har wani huci nake ji wajen ƙafata."

Ya gama ganowa kafin ya aje shayinsa: baƙar tukunyar nan ta birki ce ke shan iska, ko tiyon da ya taso daga inji zuwa gare ta. Da ta ce sai ta kunna esi, da ya nufi bawul ɗin da ke ƙara wa inji iska a silo, wanda datti kan daskare a ciki. Da ta ce tana cikin giya ne jiki ke rawa, in ta mayar firi ya lafa, allura kuma ba ta motsi, to injin lafiyarsa ƙalau, robar da yake zaune a kai ce ta mutu. Da ta ce sai bayan ruwan sama, waya ce ko murfin dilko ke shan laima, abin da watan Agusta ya saba tonawa. Da ta ce tun ranar da aka cire batir, to bakin totur ne ya yi datti, ƙwaƙwalwa ta daɗe tana lallaɓawa da shi, cire batir ya mantar da ita. Da safe kaɗai, wani wuri ne. Sai ta yi zafi, wani wurin ne daban, galibi kwil. Mu maza duk mun san waɗannan amsoshi game da motocinmu, girman kai ne ke hana mu faɗa, kada a ce ba mu san mota ba.

In tambaya ta gagara sai a koma "canza mu gani", wato ziyarar Panteka. Yau fulogi, gobe waya, jibi kwil ɗan Beljiyam wanda mai shago ya rantse daga jikin mota mai tafiya aka ciro shi, gata famfon mai. But ya cika da tsofaffin kayan da ba su da laifi, kuma ba ma yarda a zubar, wai ko za su yi rana. Alhali a mota mai kwil huɗu, musanya na silinda ta biyu da na ta uku kyauta ne. In ciwon ya bi kwil ya koma ta uku, an kama mai laifi. In ya tsaya a ta biyu, an tsira da kuɗin kwil. Ba ma son wannan gwaji don ba ya kama da aiki. Mutum bai ga an kwance abu an ɗaura sabo ba, ya ji kamar bai kamata ya biya ba, bakanike kuma ya san halinmu, shi ya sa yake tura mu kasuwa.

Yanzu kuma yayin kwamfuta ake yi. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta biyo baya a motocin fetur daga 2001, saboda haka yawancin Camry da Accord da Corolla na unguwar nan suna da shi, su Hala da Fijo kuwa sai dai kunne. Yaro ya jona na'ura, ta nuna P0302, ma'ana silinda ta biyu ke misin. Madalla, ta rage wa Baba zare waya. Amma ba ta ce fulogi ne ko kwil ko nozul ko bawul ba, wannan sai an bincika. In ta nuna P0171, cewa take iska ta fi mai yawa, kuma sensar salansa ce ta kai rahoton. Mu sai mu tafi mu sayo sabuwar sensa, kamar wanda ya sallami maigadi don ya ce ya ga ɓarawo, tsagaggen tiyo na nan yana shan iskarsa. Mafi daɗi ma shi ne wanda zai karɓi kuɗinka ya danna maɓalli ya ce, "Yallaɓai na goge." Fitila ta mutu, ka tafi da murna, kafin ka kai Unguwar Sarki ta dawo.

Akwai gwaji ɗaya da kowa ke gudu, na matsin silinda. A cire fulogi a ɗaura agogo a ramin, a ba ta wuta, a karanta huɗun ɗaya bayan ɗaya. In uku sun yi kusa da juna ɗaya ta faɗi warwas, zancen sukuru da fulogi ya ƙare, bawul ne ya ƙone, ko ringi, ko gasket. Wani lokaci abin bai kai nan ba, a Fijo da tsofaffin Honda saitin bawul kaɗai kan matse, a sassauta shi mota ta dawo hayyacinta. Amma tsoron jin "sai an sauke inji" ya sa ba ma bari a kai ga agogon. In jiki ya ba mu cewa can aka nufa, sai mu tuna ashe dama muna son canza mota.

Nan kuma kowa ya san karatun. A zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa, a sa sababbin fulogi, a wanke ta tas, a tayar da ita tun kafin mai saye ya iso don ya tarar da inji da ɗumi. Mai sayen ma ɗan gari ne, daga Unguwar Shanu ko Hayin Banki, ya san dawar garin, shi ya sa yake ce maka da la'asar zai zo sai ka gan shi bayan asuba, ya fara ɗora hannu a bonet kafin ya gaishe ka. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da bakanikensa. Kana leƙowa ka ga ashe Oganka ne, wanda ya cire tamostat ɗin, ya naɗa salatif ɗin, ya fasa indomin, ya kuma ba ka shawarar man mai kauri shekaranjiya. Ku gaisa kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. Ya zaga ta sau biyu, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya tara hannu a salansa, ya daɗe shiru. Mai saye ya matsa ya ce, "Oga, ya ka gani?"

"Alhaji, mota kam mota ce. Sai dai in ka saya ka fara kawo min ita, akwai 'yan abubuwan da wani ya taɓa."